Cinikin biri a sama: karanta kontaran sabon gida kafin ka sa hannu



Duk mai buɗe Facebook ko WhatsApp ya san tallar nan. Gidaje jere reras, farin fenti, itatuwa a bakin ƙofa, mota a gareji. A ƙasa an rubuta: ɗaki uku da salo, biya kaɗan-kaɗan, karɓi makulli cikin wata 18. A Yamai abin ya fi yawa, amma tallar tana isa wayoyinmu har Maraɗi da Damagaram da Tawa, har ma wayoyin ƴan uwanmu da ke ci-rani a Abijan da Akara da Saudiyya. Sau da yawa hoton kwamfuta ce ta zana shi. In ka je wurin, fili za ka tarar da turakun siminti da allo mai sunan kamfani.

Ban ce sayen gida kafin a gina shi laifi ne ba. Wanda ya shekara goma yana biyan haya, duk shekara mai gida na ƙara masa kuɗi, ba za ka hana shi mafarkin nasa muhalli ba. Akwai kuma kamfanoni masu riƙon amana da ke cika alkawari. Amma ranar da ka biya kuɗin farko, abin da ke hannunka takarda ce kawai. Darajar cinikin duka tana cikin abin da takardar ta ce. Ni kuma ra'ayina a kan wannan ciniki guda ne: kuɗi su riƙa bin gini a baya. Duk kontaran da ya sa kuɗinka gaba, gini na biye, to an ɗora maka kasadar da ya kamata mai kamfani ya ɗauka.

Da yake an san na yi jami'a, ƴan uwa da abokai kan kawo mini irin waɗannan takardu in karanta musu. Ba zan ambaci sunan kowane kamfani ba, amma abin da nake cin karo da shi kusan iri ɗaya ne. Ranar biyanka a rubuce take ƙarara, biyar ga kowane wata. Ranar miƙa makulli kuwa sai a ce "ana hasashen" wata kaza. In ka yi jinkirin biya, akwai tara. In kamfani ya yi jinkirin gini, shiru. In ka fasa, za a yanke wani kaso na abin da ka zuba, a maido maka da saura sai ranar da aka samu wani mai saye. In kamfani ya fasa, ba a faɗi abin da zai biya ka ba. Kamfani na da damar ƙara farashi in kayan gini sun tashi, amma babu inda aka ce zai rage in sun sauka. Kayan da za a yi aiki da su kuwa, kalma biyu ta gama magana: "masu inganci".

Abin da ya sa wannan ya zama babban haɗari shi ne, kundin dokokin farar hula da muka gada, a ayarsa ta 1134, ya ce yarjejeniyar da aka ƙulla bisa ƙa'ida tana zama doka tsakanin waɗanda suka ƙulla ta. Wato abin da ka sa wa hannu shi alƙali zai fara dubawa. "Ai darakta ya ce mini da bakinsa" ba ta da nauyi gaban takarda mai sa hannunka.

Kafin a je ko'ina, ka fara sanin wane irin ciniki ne aka miƙo maka, domin ba duka suke ɗaya ba.

Akwai sayen gidan da aka gama. Shi ya fi sauƙi: ka gani da idonka, ka taka, ka buɗe famfo, sannan ka biya. Damuwarka a nan takardun fili ne da aibin da ke ɓoye cikin bango.

Akwai sayen gida a kan zane, fili na kamfani, gini na kamfani, kai kana biya ana ginawa. Shi ne ainihin cinikin biri a sama, kuma shi ya fi buƙatar kariya.

Akwai inda filin naka ne, ka ɗauki kamfani ya gina maka. A nan ko an watse, fili da abin da aka gina a kansa suna hannunka. Kasadarka ita ce kuɗin da ka bayar gaba da aikin da aka yi.

Akwai kuma haya-saye: ka shiga gida kana biya wata-wata shekara goma ko sha biyar, gida ba ya zama naka sai ka gama. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: in na biya shekara takwas, aiki ya tsaya ko ciwo ya zo, me ya rage mini? In Allah ya yi mini rasuwa, iyalina za su ci gaba ko za a fitar da su? In kontara bai amsa ba, kana iya wayar gari a ce duk abin da ka biya kuɗin haya ne.

Yanzu mu leƙa yadda wasu ƙasashe suka ɗaure wannan ciniki, don mu san abin da ya kamata mu nema.

A Faransa, tun dokar 1967 aka tsara sayar da gidan da ba a gama ba. Kafin alkawari ba ya wuce kashi 5 cikin 100 na farashi in za a kammala cinikin cikin shekara guda, kashi 2 in shekara biyu ce. Kuɗin ba ya shiga aljihun kamfani, ana ajiye shi a wani asusu na musamman a banki ko wajen noter. Mai saye na da kwana 10 ya sake tunani, ya fasa, a maido masa da kuɗinsa cif. Cinikin kansa dole a gaban noter ake yin sa, kuma daga ranar nan filin ya zama na mai saye, ginin ma yana zama nasa a hankali yadda ake ɗora shi. Sai tsarin biya: ba a karɓar sama da kashi 35 sai an gama tushe, ba a wuce kashi 70 sai an rufe sama, ba a wuce kashi 95 sai an gama aiki. Kashi 5 na ƙarshe sai ranar miƙa makulli, kuma in gidan bai dace da abin da aka rubuta ba, mai saye na iya ajiye shi a hannun wani amintacce har a gyara.

Mu ɗauki misali da kuɗinmu. A ce gidan miliyon 20 ne na sefa. Da wannan tsari, ba za ka ba da sama da miliyon 7 ba sai ka ga tushe da idonka. Miliyon 14 sai ruwan sama ya daina shiga. Miliyon 19 sai an gama. Miliyon guda na hannunka har ranar da ka zaga ɗaki-ɗaki. Ka kwatanta da kontaran da ke cewa ka kawo rabi tun kafin a haƙa rami.

Bayan haka, doka ta tilasta wa kamfani ya kawo lamunin banki ko na kamfanin inshora, wanda zai ba da kuɗin kammala ginin in kamfanin ya karye. Bayan karɓar makulli kuma akwai wata guda na bayyana aibin da ido ke gani, shekara guda ta gyaran duk abin da ya fito, shekara biyu a kan kayan da ake iya cirewa kamar ƙofofi da famfuna, shekara 10 a kan ƙarfin ginin kansa. Dokar 1978 ta sa inshorar wannan shekara 10 ta zama dole, don kada mai gida ya rasa wanda zai kama in magini ya ɓace. Shi kuma wanda ake gina wa a kan filinsa, dokar 1990 ta ba shi tarar jinkiri: aƙalla kashi ɗaya cikin 3000 na farashi a kowace rana. A gidanmu na miliyon 20, wajen jikka 200 ke nan duk wata. Ka ga kamfani ba zai yi barci ba.

Na san wani zai ce: kai kuma, a wannan lokaci Faransa za ka kawo mana misali? To mu tafi Indiya, ƙasar da talakawa suka fi namu yawa. A 2016 suka yi doka bayan mutane da dama sun zuba kuɗi a gidajen da suka shekara da shekaru ba a gama ba. Dokar ta ce dole kamfani ya yi rajistar aikinsa a wata hukuma kafin ya fara talla. Ba ya karɓar sama da kashi 10 sai an rubuta yarjejeniya an yi mata rajista. Kashi 70 na kuɗin masu saye dole ya shiga asusu na daban, ba a taɓa shi sai don fili da ginin wannan aikin, ba don wani sabon aiki a wata unguwa ba. In an yi jinkiri, mai saye na iya janyewa a maido masa da kuɗinsa har da ƙari. Aibin gini a cikin shekara biyar kamfani ne zai gyara, cikin kwana 30, kyauta. Abin da ya fi burge ni shi ne, ƙarin da mai saye zai biya in ya makara, daidai yake da wanda kamfani zai biya in shi ya makara. Mudu ɗaya ake auna wa kowa da shi.

A nahiyarmu ma, Kodebuwa ta yi doka ta musamman a kan wannan ciniki tun 1999, Maroko ta yi tata a 2002 ta sake gyara ta a 2016.

In kuma kuna son ganin ƙarshen barin kuɗi ya yi gaba, ku dubi Sin. A can mutane kan biya kuɗin gida gaba ɗaya, har da bashin banki, tun gini bai kammala ba. Manyan kamfanoni suka riƙa ɗaukar kuɗin wannan aiki suna sayen filin wancan. Kamfanin Evergrande ya kasa biyan bashi a 2021, bashin da ya haura dalar Amurka biliyan 300. A 2022 masu saye a garuruwa da yawa suka yi barazanar daina biyan banki saboda gidajensu sun tsaya kango. A Janairun 2024 wata kotu a Hong Kong ta ba da umarnin rushe kamfanin. In irin wannan ƙaton ya faɗi, kada wani ya ce maka girman ofis da yawan motoci su ne lamuni.

Mu dawo gida. Ba a ce ba mu da doka ba. Muna da dokar kare masu saye ta 2015, da dokar tsara birane ta 2017, da dokar gini da muhalli ta 2018. Aya ta 1792 ta kundin farar hula ta ɗora alhakin shekara 10 a kan mai zane da ɗan kwangila in gini ya rushe, duka ko wani ɓangare, saboda aibin aiki ko na ƙasar da aka gina a kai. Amma shari'a na cin kuɗi da lokaci, kuma hukuncin da aka yanke a kan kamfanin da ya riga ya kwashe kayansa ba ya rufe ɗaki. Kariyar da ta fi aiki ita ce wadda ka sa a takarda tun kuɗinka na aljihunka. Tun ran gini, ran zane.

Abu na farko, fili. Kafin ka tambayi launin fenti, tambayi takardar filin. Da sunan wa take? An amince da lotisman a hukumance? Akwai titir fonsiye, ko kuwa takardar sayarwa ce kawai? Duk wanda ke zaune a Yamai ya ji labarin fili ɗaya mai mutum biyu ko uku, ya kuma ji rigimar da aka sha yi a kan filayen dajin da aka shuka don kewaye birnin. Ka je ofishin ajiyar takardun filaye, ko ka sa noter ya je, a duba ko an jinginar da filin a banki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. A ƙarƙashin dokokin OHADA, waɗanda Nijar ke ciki, in kamfani ya karye, bankin da ke riƙe da jingina yana gaban mai resi a layin biya. Kana iya biyan miliyoyi, a sayar da filin a biya banki, kai ka tashi da takarda. Kontara ya faɗi ranar da za a ba ka takardar mallaka da sunanka, da wanda zai biya kuɗin yin ta.

Na biyu, wurin kansa. Mun ga abin da ya faru a 2020, lokacin da kogi ya fasa madatsa ya shiga Lamorde. Mun ga damanar 2024, yadda Maraɗi ta ji jiki, yadda tsohon masallacin Birni na Damagaram ya rushe. Filin da ya yi kyau a watan Maris yana iya zama tafki a watan Agusta. Ka tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ke bi. Su ba su da gidan sayarwa, za su gaya maka gaskiya.

Na uku, biya ya bi aiki. A rubuta mataki-mataki: kaza bayan tushe, kaza bayan an ɗaga bango, kaza bayan rufi. A rubuta cewa kana da damar shiga wurin da masanin gini naka kafin kowane biya. Kada ka miƙa kuɗi hannu da hannu, a bi ta banki, da sunan kamfanin da ke kan kontara. In za su yarda kuɗin ya zauna wajen noter ana saki a hankali, ya fi.

Na huɗu, kaya. "Masu inganci" ba magana ba ce. Faɗin fili da na gini metir kare nawa? Ƙarfe mai lamba nawa a ginshiƙai, 8 ko 10 ko 12? Kankaren ginshiƙi da na dal yawanci buhu 7 na siminti yake ci a kowane metir kub, haka za a yi ko za a rage? Wane irin kwano, wace irin waya, ina ramin masai? Wa zai jawo wuta da ruwa, da kuɗin wa? A haɗa zane da wannan lissafi a jikin kontara, kowa ya sa hannu a kowane shafi.

Na biyar, rana da tara. Ranar miƙa makulli ta zama rana, da wata, da shekara. In akwai tara a kanka, a sa irinta a kansu. In jinkiri ya wuce wata kaza, ka samu damar janyewa da kuɗinka cikin lokacin da aka ƙayyade.

Na shida, ranar karɓa da bayanta. Kada murna ta sa ka sa hannu cewa komai lafiya. Ka zo da wanda ya san gini, a rubuta duk aibin da aka gani, in ta kama a kira wisiye ya shaida. Ga shawarata da ta dace da ƙasarmu: gidan da aka miƙa da rani ba a san halinsa ba. Damana ce ke tona asirin rufi da tushe. Ka nemi a bar kason ƙarshe wajen noter har gidan ya ga damana guda.

Adalci ne mu ji ta bakin masu kamfani. Za su ce bashin banki na da tsada, in ba su karɓi kuɗin masu saye ba da me za su fara? Za su ce tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kawo kaya ya ƙara wuya da tsada. Za su ce masu saye ma suna saɓa alkawari, su bar su da gini rabi. Duk gaskiya ne. Amma ba a ce kada su karɓi komai ba, an ce su karɓa daidai aikin da suka yi. Ƙarin farashi ma ana iya yarda da shi, in an rubuta yadda za a lissafa shi da iyakar da ba zai wuce ba. Wanda ba shi da jarin da zai kai shi ga tushe, ko bankin da zai tsaya masa, da albashin malamin makaranta yake gwada sa'arsa. In ta yi kyau riba tasa, in ta ɓaci asara ta malam. Wannan ba kasuwanci ba ne. Kuma tsari mai ƙarfi masu gaskiya yake taimako, domin yau mutane da yawa na tsoron kowa saboda ɓarnar kaɗan.

Akwai kuma namu halin da ake cin gajiyarsa, wato kunya. Mai kamfani alhaji ne, ko abokin baba, ko wanda muke salla sahu ɗaya, sai mu ga kamar neman takarda rashin kunya ne. Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Rubutu ba ya ɓata zumunci, rashinsa ne ke kai ƴan uwa gaban alƙali. In aka ce maka "sa hannu yau, gida biyu suka rage", ka ce za ka kai takardar gida kwana uku. Mai gaskiya ba zai hana ka ba. Kuɗin da za ka ba lauya ko noter ya karanta maka bai kai kuɗin ƙofa biyu ba.

Ga hukumomi kuma, buƙatunmu ba su da wuya. A wallafa sunayen kamfanonin da ke da lasisi da lotisman da aka amince da su, inda kowa zai duba a wayarsa. A fitar da kontara na bai-ɗaya mai tsarin biya da tarar jinkiri da garanti, wanda ba a iya ragewa. A tilasta asusu na daban ga kowane aiki, da lamunin kammalawa kafin a fara talla. Bankunan da ke ba ma'aikata bashin gida, har da Bankin Muhalli na ƙasa, su riƙa sakin kuɗi mataki-mataki bayan sun ga aiki, tunda albashin ma'aikaci za a yi ta yanka ko an gama ko ba a gama ba. Sannan tunda kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, me zai hana a ba mai saye kontara da Hausa, ko a karanta masa da Zabarmanci ko harshen da yake ji, gaban shaidu? Ɗan kasuwar da ya tara miliyoyi da guminsa bai cancanci ya dangwala yatsa a kan abin da bai fahimta ba.

Ƴan uwa, yawancinmu gida ɗaya za mu saya a rayuwa, in Allah ya nufa. Kuɗin adashin uwa ne, gadon uba ne, shekarun ɗan uwa ne a ƙasar mutane. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, amma ya fi sauƙi ka riƙe ladan har ka ga an fara askin. In ka san wanda ke shirin sa hannu, tura masa wannan tun bai biya ba. In kuma ka iya karatu, zauna da shi ku bi takardar layi-layi.

Allah ya ba kowa muhallinsa cikin rufin asiri.